Shaidar Haske: Mas'alar Hoton Abin da Ba Shi da Rai a Garin Arlit

Tun da akwatin ɗaukar hoto ya shigo ƙasashen Musulmi malamai suke kai-kawo a kan hukuncinsa, kuma duk wanda ya bibiyi maganganunsu zai tarar cewa gardamar ɗungurungum a kan abu mai rai ta tsaya, wato ko ya halatta ɗan Adam ya suranta mutum ko dabba, alhali kuwa busa rai aiki ne na Mahalicci Shi kaɗai. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da aka haramta shi ne surar mai rai wadda take da jiki da inuwa da cikakkun gaɓoɓi, irin ta gunki; wadda aka zana a shimfiɗe bisa takarda ko tufa kuwa, hukuncinta bai wuce karhanci ba. Muftin Masar, Shaihu Muhammadu Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya rasu a 1935, risala guda sukutum ya wallafa yana kafa hujja da cewa mai hoto ba ƙaga sura yake yi ba, inuwar da Allah Ya riga Ya halitta yake tsarewa a takarda. Amma game da itace da dutse da ƙwarya da tukunya babu wani saɓani mai ƙarfi, domin Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, yana kukan cewa da ita yake ci, sai ya nuna masa itatuwa da duk abin da ba shi da rai, ya umarce shi da ya nemi abincinsa a nan.

Saboda wannan rangwame ne jama'a suka ɗauka cewa wanda ya ɗauki hoton butar shayi, ko kantun gishirin Bilma, ko tulin dabino, ya kuɓuta daga kowace tambaya ta shari'a. Ni kuwa a ganina ya fita ne ta ƙofar sura ya shiga ta ƙofar shaida, wadda ta fi ta farko ƙunci. Kuma babu garin da ya fi Arlit dacewa da a zauna a warware wannan mas'ala a cikinsa.

Dalilin shigarsa babin shaida a fili yake. Mai ɗaukar hoton biki ko na kasuwa yana iya cewa abin da ya tarar shi ya ɗauka, mutane suna motsi, rana tana inda take, ba shi da iko a kan ko ɗaya. Mai ɗaukar hoton sandararrun abubuwa ba shi da wannan uzuri, saboda shi ya zaɓi abin, shi ya ajiye shi inda yake so, shi ya juya fuskar da ya ga dama ta fuskanci mai kallo, shi ya buɗe wa haske hanya ta nan ya toshe ta can, abin kuma ba ya gardama, ba ya gajiya, ba ya cewa a jira shi ya gyara rawani. Haƙurin nan na abin da ba shi da rai shi ya sa sana'ar hoto da shi ta fara tsayuwa da ƙafafunta: ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan Louis Daguerre da suka saura, na shekarar 1837, kayan ɗakin aikinsa ne da ya jera kusa da taga a birnin Faris, domin a wancan zamani sai allon ya sha haske na mintoci masu yawa kafin sura ta kama, mutum kuwa ba ya iya daskarewa haka. Inda iko ya cika, can alhaki yake cika.

Bari mu ga yadda gwani yake yi da tukunyar dalma da kayan shayi a wani ɗaki na Arlit. Ba ya fita da su tsakar gida da rana tsaka, domin ranar Sahara idan ta take tsakiya inuwa takan gajarce ta yi baƙi ƙirin a gindin abu, dalma kuma ta mayar da hasken cikin idon kyamara, hoto ya fito fari fat ba fasali. Ɗaki yake nema mai taga ɗaya, ya rufe ƙofa, ya shimfiɗa tabarma kamar taku biyu daga tagar, da hantsi ko bayan la'asar, yadda hasken zai zo ta gefe. Idan ya yi kaifi sai ya rataya farin ƙyalle marar kauri a tagar ya tace shi, a ɗaya ɓangaren kuma ya jingina farar takarda don ta mayar da ɗan abin da ya samu zuwa gefen da inuwa ta rufe. Ranakun hazo na hunturu ma ba ya bukatar ƙyallen, sararin sama ya riga ya yi masa tacewar. Da wannan haske na gefe ne ake ganin tabon yashin da aka zuba narkakkiyar dalma a cikinsa, da sawun magagarin maƙeri a bakin tukunya, da ɗan lotsawar da murfi ya yi. Fitilar kyamara mai bugowa ta gaba kuwa duk shafe su take yi. Finjalin shayi kaɗai yake saɓa wa wannan ƙa'ida, shi ta baya yake son haske, don ruwan ya yi jawur, kumfar ta fito sarai a samansa.

Sai kuma tsari. Gwani yakan shimfiɗa baƙin turkuɗi a baya don farin ƙarfe ya fito, ya sa tukunya, wadda ita ce babba, ta kauce kaɗan daga tsakiya, ya ajiye finjalai uku ba a miƙaƙƙen layi ba, ɗaya a gaba, biyu a baya, ya yanka lemun Timiya ko rumman ya buɗe cikinsa don a sami launi mai ɗumi a wuri guda, ya bar fili a gefen da bakin buta yake kallo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zaɓi magana ce: ga abin da za ka fara gani, ga na biyu, ga wanda ba sai ka kula da shi ba. Abin da ya bari a wajen hoton ma, shi ma magana ce, ko da yake mai kallo ba zai taɓa jin ta ba.

Mafi sauƙin ɓangaren mas'alar shari'a ta riga ta yanke shi tun kafin a san hoto. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa a ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Da mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi abin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, ya kuma barranta daga mai algus. A lura, mutumin bai faɗi ƙarya da bakinsa ba, busasshen abincin da ke sama kuma busasshe ne da gaske. Laifinsa gaba ɗaya a tsari yake. Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda almajiranmu suke karantawa a zaure, ta jera algus da yaudara da ɓoye aibi a cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki. Saboda haka ɗan kasuwar yau da yake juya tsagaggen gefen faranti zuwa bango, ya ɗauke shi da wayarsa ya tura wa masu saye ta WhatsApp, hukuncinsa da na mai tsibin abincin nan ɗaya ne, ba sai an wahalar da ƙiyasi ba.

Ɓangare mai wuya shi ne wanda Arlit ta zo da shi. Garin nan, mai nisan kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, yuraniyom ne ya haife shi. Faransawa masu neman jan ƙarfe suka fara cin karo da ma'adinin a Azelik a 1957. Aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka gina garin a 1969, aka fara fitar da kaya daga buɗaɗɗen rami a 1971. Sannan aka kafa COMINAK a 1974, wanda ya haƙa nasa a ƙarƙashin ƙasa, zurfin kamar mita 250, ya fara aiki a 1978, aka gina wa ma'aikatansa Akokan. Hausawa da Zabarmawa da Barebari suka hauro daga kudu, suka tarar da Abzinawa masu ƙasa, albashi ya yi kyau, kantuna suka cika, har aka riƙa yi wa garin kirari da Faris ta biyu. (Wutar lantarkin da take haska shi kuwa ba daga yuraniyom take ba, daga kwal ɗin da kamfanin SONICHAR yake ƙonawa a Cirozerin take zuwa, yuraniyom ɗin garin rawaya ake mayar da shi, a ɗura a ganguna, kuma har zuwa 2023 ta hanyar Tawa aka riƙa bi da shi zuwa tashar Kwatano, ya je ya haska gidajen wasu.) Daga tan guda na dutsen da aka niƙa, kilo kaɗan ake samu, da wuya su wuce biyar, sauran duka dusa ce da ake tarawa a bayan gari, kuma mafi yawan tururin yuraniyom mai cutarwa, wanda ido ba ya gani, a cikinta yake saura.

A gari irin wannan, mai nisa da ko'ina, ƙarfe ba ya zama shara. Tsofaffin bututai da ganguna da gutsattsarin injuna sun riƙa fitowa daga ma'aikata suna shiga kasuwa, ana yin ƙofa da su, da rufin ɗaki, da kayan girki. Wani ma'aikacin SOMAÏR, Almoustapha Alhacen, wanda ya jagoranci ƙungiyar Aghirin'man, shi ya nemi masana daga waje su zo su auna. A watan Disamban 2003 ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa ta zo, ta sami ƙarfe mai ɗauke da tururin a kasuwar Arlit. A watan Nuwamban 2009 Greenpeace ta biyo baya, ta ba da rahoton cewa a wani titi na Akokan na'urarta ta nuna kusan ninki 500 na abin da aka saba samu a ƙasa, kuma huɗu daga cikin samfuran ruwa biyar da ta ɗiba sun haura ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamfanin Areva, mai gudanar da ma'aikatun biyu a lokacin, wanda ya koma Orano a 2018, ya musanta cewa aikinsa ne sanadin cututtukan da ake ambata, amma ya shiga auna tituna da kwashe abin da aka samu gurɓatacce.

To, a ɗauko guntun ƙarfe irin wannan, a kai shi ɗakin nan mai taga ɗaya, a yi masa duk abin da muka siffanta. Mai hoto bai juya wani tsagaggen gefe zuwa bango ba, bai ɗora busasshe a kan jiƙaƙƙe ba. Ko ya kewaya shi ya ɗauke shi ta fuska shida, ko ya fasa shi ya haska cikinsa, abin da zai fito ƙarfe ne mai kyau, kuma kowane ɗigon haske da ya shiga kyamara gaskiya ya faɗa. Duk da haka hoton kyan ɗan maciji ne. Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rubuta Kitabul Manaziri a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, ya tabbatar da cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido, ya kuma gwada yadda haske yake bin miƙaƙƙiyar hanya ta ƙaramar kafa zuwa cikin ɗaki mai duhu, wanda shi ne asalin kowace kyamara. Abin da ya biyo bayan wannan kuwa shi ne, ido da kyamara ba su da labarin komai sai abin da fatar abu ta aiko musu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙirga wa ido naƙasa bakwai a cikin Mishkatul Anwari, daga ciki akwai cewa yana ganin zahiri ba ya ganin baɗini, ba ya ganin abin da ke bayan shamaki, yana kuma ɗaukar mai motsi a matsayin tsayayye, kamar yadda yake ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take. Da wannan ya kafa hujja cewa hankali ya fi ido cancantar a kira shi haske. Naƙasar nan ta ƙarshe ita ta fi ba ni mamaki a nan, domin dutsen yuraniyom da muke kira sandararre bai taɓa tsayawa ba: dare da rana yana rikiɗa, yana haifar radiyom, radiyom yana haifar iskar radon marar launi marar wari, kuma sai bayan shekaru kusan biliyan huɗu da rabi rabinsa yake ƙarewa.

Wani zai ce, tunda haka ne ai mai hoto ya huta, domin abin da ido ba ya gani gaibu ne, gaibu kuwa sai Allah. Wannan magana tana da zaƙi a baki, amma ta cakuɗa abu biyu da malaman tauhidi suka rarrabe: akwai gaibun da Allah Ya keɓe wa kanSa saninsa, kamar lokacin tashin Alƙiyama, akwai kuma abin da ya ɓuya ga wani ya bayyana ga wani, kamar cutar da ke cikin jini, wadda majinyaci bai gani ba likita ya gani. Tururin yuraniyom na kashi na biyu ne, kuma abin da ya fara tona asirinsa allon hoto ne da kansa. A ƙarshen watan Fabrairun 1896, Henri Becquerel yana gwaji a Faris da gishirin yuraniyom, yana ɗora shi a kan allon hoto da ya naɗe cikin baƙar takarda, bisa zaton sai gishirin ya sha rana kafin ya yi tasiri. Da gari ya yi kwanaki da gajimare, sai ya jefa su cikin aljihun tebur, ranar 1 ga Maris ya wanke allon yana tsammanin ɗan dishi-dishi, sai ga sura ta fito ɓaro-ɓaro, har wani siririn jan ƙarfe mai siffar gicciye da ya sa a tsakani ya bar inuwarsa. Hoton abu marar rai ke nan wanda aka ɗauka cikin duhu, ba taga, ba farin ƙyalle, abin da kansa ya ba da shaida a kan kansa. Daga nan aka sami ɗan fim ɗin da ma'aikatan nukiliya suka daɗe suna maƙalawa a ƙirji, ana wanke shi a ga yawan abin da jikinsu ya sha, aka kuma sami na'urar awo mai ƙas-ƙas. Mun saba cewa gani ya kori ji. A kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Arlit, ƙarar na'urar nan ita take korar gani.

Idan kuwa abin sananne ne ga mai nema, to wajibin mai hoto bai faɗi ba, wuri ya sauya. Haske ba zai iya ɗaukar wannan amana ba, iyakarsa zahiri. Tsari ne zai ɗauke ta, domin da tsari ne kaɗai hankali yake shiga cikin hoto. Masu fim suna da sauƙi a nan: Idrissou Mora-Kpai a fim ɗinsa na 2005 a kan Arlit, da Amina Weira, ɗiyar tsohon ma'aikacin ma'adini, a nata na 2016, sun bar mutane sun yi magana da bakinsu. Tukunya ba ta da baki. Abin da aka ajiye kusa da ita, da abin da aka bari ya bayyana ta taga a bayanta, da layin da aka rubuta a ƙarƙashinta, su ne harshenta. Masu zanen Holan na ƙarni na 17 sun san haka, shi ya sa sukan cika tebur da ƴaƴan itace da kofunan azurfa, sannan su ajiye ƙoƙon kan mutum ko kyandir da ya mutu a gefe, don tunatar da mai kallo ƙarewar duniya. Zuhudunsu bai hana su ƙawata zanen ba. Ni ma ban ga laifin ƙawata hoton kayan Arlit ba, kuma ban yarda da masu cewa sai an nuna garin cikin ƙura da tsumma kafin a ce an faɗi gaskiya ba, domin matar da ta goge butarta da toka har ta yi ƙyalli tana da haƙƙin a ga ƙyallin.

Sai dai tsari takobi ne da yake yanka ta ko'ina, kuma a nan ne na fi jin tsoro ga baƙin masu hoto da suke zuwa kwana biyu su koma. Ba kowace tukunya ta Arlit ce gurɓatacciya ba. Da yawa daga gwangwanaye da tsofaffin kayan mota ake narka su, kamar yadda ake yi a Maraɗi ko Kano. Wanda ya sayi tukunya a hannun maƙeri, bai auna ta ba, ya ajiye na'urar awo a gefenta don hoton ya yi ban tsoro, ya buga shi a jaridar Turai, ya yi shaidar zur da abubuwa biyu waɗanda kowannensu gaskiya ne, ya kuma kashe wa bawan Allah kasuwa bisa zato. Laifinsa bai gaza na wanda ya ɗauki hoton garin rawaya yana sheƙi a cikin ganga mai tsabta, ya yanke duwatsun dusar da ke bayan ma'aikata daga hoton, ya ce ga Arlit. Dukansu biyu da haske na gaskiya suka yi aiki.

Malamanmu sun bambanta tsakanin mai sayarwar da ya san aibi ya ɓoye, da wanda bai sani ba: na farko mayaudari ne mai zunubi, na biyu ba shi da zunubi, amma duk da haka mai saye yana da zaɓin mayar masa da kayansa idan aibin ya bayyana. Haka nake ganin matsayin mai hoto. Idan an auna abin an same shi lafiya, ya faɗa; idan an same shi da tururi, ya faɗa, ya kuma faɗi wanda ya auna da ranar da aka auna; idan ba a auna ba, ya rubuta cewa ba a auna ba, kada ya bar kyan haske ya yi masa rantsuwa, kada kuma ya bar duhun inuwa ya yi masa ƙazafi. Wannan yana nufin sana'arsa ta rataya a kan ta mai awo, kuma aikin awon yana da yawa. COMINAK ya rufe ranar 31 ga Maris 2021 bayan ya fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom, ya bar dusa kusan tan miliyan 20 a fili mai faɗin hekta 120, wadda aka tsara rufe ta da laka da dutse masu kaurin mita biyu, aikin da aka ce zai kai 2033. A watan Yunin 2025 kuma gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa, saboda haka awon abin da yake fita daga wannan ma'aikata zuwa kasuwa ya koma wuyan hukuma, kuma ita ce mai hoto zai je ya tambaya kafin ya rubuta layin da zai sa a ƙarƙashin hotonsa.